Cokalin da Baba Ya Ƙi Ɗauka

Yayana shi ne ɗan fari a gidanmu, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kama sunansa ba. In maganarsa ta taso, sai ya ce da ni "wanki", wato wana. Ba su zama tabarma ɗaya, ba su haɗa ido, balle a ce sun sa hannu a kwano ɗaya. Mu 'yan baya mu muka sha daɗin Baba, ni kam har a kan cinyarsa na ci gyaɗa. Shi Yaya sai dai saƙo. In Baba zai aike shi, ni zai gaya wa, ko da Yaya na tsaye kusa yana ji. Haka na tashi ina tafinta tsakanin mutum biyu masu jin Hausa ɗaya.

Karatu ya kai Yaya Koriya, aiki ya riƙe shi a can. Wata rana ya kira ya ce ya samu mata 'yar ƙasar, har an ɗaura aure a masallacin garin da yake. Ni na riƙe wa Baba salula a zauren gidanmu na Gangara. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, Allah shi sa alheri," ya ɗauki butarsa ya fita. Ni na san ko ɗiyar liman Yaya ya aura, abin da zai ji ke nan daga bakin Baba. Amma Yaya ya daɗe a waje, ya fara mance yadda shirun Baba yake. Ya ɗauka fushi ne, ya riƙe abin a ransa har ya zame masa ciwo.

Bayan kaka, da sanyi ya fara shigowa, ya zo da matar tare da uwarta, wata 'yar gajeruwar tsohuwa mai yankakken farin gashi. Hukuma ba ta yarda baƙi irinsu su kwana a ƙauye ba, saboda halin da hanyoyinmu suke ciki. A Maradi suka sauka. In za su fito sai da jandarma biyu a mota, kuma dole su koma kafin rana ta faɗi. Zuwansu na farko gaisuwa ce kawai. Baba ya amsa daga zaure kansa a sunkuye, ya ce a ba baƙi ruwa, ya wuce masallaci tun ba a kira salla ba. Tsohuwar kuwa ta shiga aiki. Ta nemi kabeji da gishiri da tafarnuwa, ta kwance wani jan barkono da ta zo da shi, ta cakuɗa ta danna a tukunyar ƙasa, ta sa aka binne gindin tukunyar a jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randar Inna. Ta ce ranar da za su dawo sallama, ita da ɗiyarta za su yi wa maigida abincin ƙasarsu.

Ranar sallamar, Yaya ya shirya ya zagaya da su su ga ƙasa da safe, a ci abincin bayan azahar. Suka biyo ta Agiye suka ɗauke ni, don can nake koyarwa a lakol. Kafin in shiga mota ya ja ni gefe.

"Saurare ni da kyau," ya ce. "Wurinsu in an kawo amarya, ita za ta ciyar da uban miji, ya ci tana gani. In ya ci, ya karɓe ta ke nan. Kuma ba mai taɓa cokali sai babba ya ɗauki nashi. Tun can tsohuwar nan take shirin abincin ga."

"Ya ci suna gani? Kai ma kana zaune?"

"Ni ma ina zaune."

Dariya ta kwace mini. Na ce, "Yaya, ka mance gidan da ka hito ne? Baba ya buɗe baki gaban surukai? Gabanka?"

"Ban mance ba, gajiya na yi. In ya ƙi ci yau, ba ni sake kawo ta ta sha kunya. Ni ma ban ga abin da zan dawo yi ba."

Yaya ba mai yawan magana ba ne, kuma abin da ya faɗa shi yake yi. A nan ya biyo Baba, abin da ke ba ni haushi da su duka biyun ke nan. Na shiga mota.

Ranar kasuwa ce a Agiye, can muka fara. Ni da na saba ratsa ta kullum ban san tana da abin kallo ba, sai da na ga tsohuwar nan ta tsaya gaban buhunan riɗi ta ƙi gaba. Ta cusa hannu har wuya, ta ɗebo ta shinshina, ta tauna, ta shiga zuba wa mai riɗin magana da yarensu, shi kuma yana amsa mata da "ƙwarai, Hajiya" kamar yana ji. Muka sayi man riɗi kwalba guda da alayyahu. Da muka iso wurin masu kayan marmari na daji ta cafke hannuna har sai da na ji zafi, tana nuna tiren magarya. Yaya ya ce suna da irinta a can, tasu ta fi girma, kuma da ita ake dafa kazar da za a yi yau. Ni dai a sanina magarya abin tsotson 'yan lakol ce.

Kafin mu gama layin riɗi mutane sun yanyame mu. Ana ta kiran "ga Shinuwa, ga Shinuwa", wato 'yan Sin, na juya na ce ba Shinuwa ba ne, surukanmu ne, wanda bai da aikin yi ya zo in ba shi shara a lakol. Babban jandarman bai ji daɗin taron ba, sai waige-waige yake yana cewa mu yi sauri. Matar Yaya, doguwa ce mai sanyin hali, tana ta fama da mayafin da ke zame mata, duk wanda ya dube ta sai ta rusuna ta ce "sannu, na gode", iyakar Hausarta ke nan. Na sayi ƙosai mai zafi na miƙa musu. Matar Yaya ta ɗauki ɗaya, tsohuwar ta girgiza kai tana shafa ciki. Yaya ya ce tun da gari ya waye ba ta ci abinci ba, ta ce sai an zauna da maigida. Na cinye ƙosan ni kaɗai ban ji ɗanɗanonsa ba.

A hanya Yaya yana nuna musu tashar da ya fara hawa mota zuwa Maradi karatu, da rumbunan da ke jere bayan ƙauyuka, da amalanken jakai ɗauke da kara. Yana magana da yarensu yana dariya, irin dariyar da ban taɓa jin ya yi a gidanmu ba. Na ji kishi, ba zan ɓoye ba. Na kuma ji tsoro, don na gane mutumin nan yana da inda zai koma a karɓe shi hannu biyu, ba dole ba ne sai da mu.

Muna isa Gangara Inna ta tare ni a ƙofar gida, ta rage murya.

"Ke, abin baƙuwar nan ya lalace. Tun jiya shike wari, har kumfa shike yi. Bari in zuba ma awaki tun ba ta gani ba, in ce kaji sun ɓarar."

"Inna, don Allah kar ki taɓa!"

Na ruga na kira Yaya, ya kira tsohuwar. Ta durƙusa ta buɗe tukunyar, wari ya buge mu gaba ɗaya, Inna ta toshe hanci da gefen zane. Tsohuwar kuwa ta tsamo ganye ɗaya ta tauna, ta lumshe ido, ta tafa hannu. Yaya ya ce kimci ake kiransa, kuma ya yi daidai yadda ake so. Na ce da Inna, ke da kike kwana da daddawa a ɗaki har kya yi wa wani gorin wari? Ta ce daddawa daban, kuma in iya bakina.

Baba ba ya gida. Inna ta ce da sassafe ya zaɓi kaji biyu da suka fi ƙiba ya yanka da hannunsa, ya saɓa gatari ya tafi gona. Na yi sauri na kai wa Yaya wannan labari, na ce ka ga alamar alheri. Ya ce ko baƙon kasuwa ne ya sauka, Baba yana yanka masa kaza.

Tsohuwar da ɗiyarta suka cusa wa kajin shinkafa a ciki, da tafarnuwa, da magarya, da wata saiwa mai kama da ƙaramin rogo da suka zo da ita. Suka sa a tukunya, suka zuba ruwa zalla, suka rufe. Inna tana tsaye da daddawa a dunƙule a hannu tana jiran a juya baya. Sai da Yaya ya ce in roƙe ta kada ta ƙara komai, wuta kawai za ta riƙa turawa kaɗan-kaɗan. Ta ce, "Ba mai, ba daddawa, ba yaji? Wannan ai wanka aka yi ma kaza." Amma ta zauna gaban murhun.

Kafin kaza ta nuna muka fita da su rijiyar makiyaya da ke bayan gari. Shanu sun cika wurin. Bijimi biyu ke jan igiya, su yi nisa sosai kafin wasaki ya leƙo bakin rijiya, a juye a komi, garke ya rufa a kai. Tsohuwar ta bi bijiman da ƙafa har inda igiyar ta ƙare, ta dawo tana riƙe baki. Wata Bafulatana ta kawo nono a ƙwarya, matar Yaya ta kurɓa ta yi murmushi, tsohuwar ta sake shafa ciki ta ƙi. Ana cikin haka muka ji ƙugin moto, wato babura, da yawa daga wajen kudu. Makiyayan suka tsaya cak. Ƙaramin jandarman ya gyara riƙon bindigarsa, babban ya ce baƙi su shiga mota maza. Da suka matso sai ga 'yan kasuwa ne, kowa da akuya ɗaure a baya. Aka yi dariya, amma ta sama-sama ce. Babban jandarman ya dubi Yaya ya ce, "Malam, ana kiran la'asar za mu kama hanya. Ko an gama ko ba a gama ba."

Ni na ce a biya ta gonarmu. Na ce don baƙi su ga itatuwan da Baba ya raya, amma gaskiyar ita ce so nake in same shi kafin a shimfiɗa tabarma. Gonar ta yi fayau bayan girbi, sai gawo da ya yi kore shar, da kalgo da sabara da Baba ke bari suna tashi daga kututture yana rage musu rassa. Muka hango shi gindin wani kalgo yana sara. Na ce su dakata, na yi gaba ni kaɗai, na durƙusa.

"Baba, baƙi sun zo ganin gona."

"Ga ta nan, su gani."

"Baba, abincin nan da suka dahwa, tare suke so a ci."

"A kai mani nawa zaure."

"A gabansu suke so ka ci. Haka al'adarsu take."

Ya tsayar da gatari ya dube ni kamar na yi ashar.

"Ke ma Koriyar kika koma? In zauna in buɗe baki ina tauna gaban uwar matar wanki? Mi za ta ɗauke ni, wanda bai san girmanta ba?"

Maganar Yaya ta zo mini har baki na haɗiye ta. Na san in na ce Yaya ya ce ba ya dawowa, Baba zai ce Allah shi kiyaye hanya, ya ci gaba da saransa, ko da abin zai kashe shi a ciki.

Baƙin suka ƙaraso, suka rusuna. Yaya ya tsaya can baya yana duban gawo. Baba ya amsa gaisuwa yana duban ƙasa, ya nuna gorar ruwansa da ke rataye ya ce in ba su. Na tsiyaya a moɗa na miƙa wa matar Yaya. Ta karɓa da hannu biyu, sai ta juya jikinta gefe, ta ba Baba kafaɗa, ta kare bakinta da tafin hannu, sannan ta sha. Baba bai ɗaga kai ba, amma na san shi, da wutsiyar ido yake ganin komai.

"Wanki ya koya mata wannan?" ya tambaye ni.

Na ɗaga murya na tambayi Yaya, duk da ya ji. Ya ce shi bai koya mata ba, haka suke yi can in za su sha abu gaban babba. Na juyo na maimaita wa Baba. Ya ce, "Hm," ya ɗauki gatarinsa.

Bayan azahar aka shimfiɗa babbar tabarma a gindin itacen bedin da ke tsakar gida. Duk wani ƙaramin kwano da Inna ta mallaka sai da aka fito da shi. Ga kimcin nan ja wur, ga alayyahu da aka murza da man riɗi da tafarnuwa, ga wani baƙin ganyen teku busasshe mai kama da takarda, ga farar shinkafa kowa da tasa, ga kajin a tsakiya cikin romo fari yana tururi. Ƙamshin ya ba ni mamaki, har Inna na ga ta leƙo daga madafa tana jan hanci. A saman tabarmar matar Yaya ta shimfiɗa buzun Baba, ta ajiye masa cokali da tsinkayen ƙarfe biyu da suke cin abinci da su, ta gyara su ta sake gyarawa. Ita da uwarta suka zauna a kan dugadugansu, hannuwa a cinya. Yaya ya zauna gefe.

Muka ji dawowar Baba daga masallaci. Muka ji ya cire takalmi a zaure. Daga nan ba mu sake jin komai ba.

Na tashi na same shi. Yana zaune da tasbaha.

"Baba, an shirya, kai ake jira."

"Su ci, na yahe. Ce masu na gode ƙwarai, Allah shi saka. A rage mani in sun gama."

Na dawo na gaya wa Yaya, Yaya ya gaya wa matarsa, ita ta gaya wa uwarta. Tsohuwar ta faɗi 'yar gajeruwar magana, ta ƙara miƙe bayanta. Yaya ya ce ta ce ba ta yi rashin kunyar da za ta riga maigida ba. Mace mai shekarunta, tun safe a rana, ba ko loma.

Tururin romon ya fara raguwa. Na ɗauki faifai ina korar ƙuda don dai in samu abin yi da hannuna. A waje jandarmomin sun riga sun cinye dambun da Inna ta aika musu, ina jin direba yana buɗe gaban mota yana rufewa. Inuwar bedin ta matsa daga kan buzun Baba. Can matar Yaya ta tambayi mijinta wani abu da ƙaramar murya, shi kuma bai fassara ba. Na ce mi ta ce? Ya kawar da kai. Na ce, Yaya, mi ta ce?

"Ta ce ko don ita ba 'yar nan ba ce."

Hawaye na bin kuncinta, ba ta ko share ba. Daidai nan babban jandarman ya yi sallama daga ƙofa ya ce a fara shiri. Yaya ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce wa matarsa wani abu, na ga ta kai hannu ga jakarta.

Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba. Tun da aka haife ni ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba, ranar na ce, "Zauna! Wallahi in ka taka ƙofar nan ni da kai ne!" Mamaki ya sa ya zauna. Na nufi zaure, haushin su biyun ya cika ni. Mutane biyu manya, kowa yana mutuwa da son ɗan'uwansa, sun bar ni ina safa da marwa a tsakaninsu tun ina 'yar ƙarama.

Na durƙusa gaban Baba, wannan karon ban sunkuyar da kai ba.

"Baba, tsohuwar nan tun asuba ba ta ci abinci ba. Na ba ta ƙosai ta ƙi, Hulani sun ba ta nono ta ƙi. Wurinsu ba a ci sai babba ya ɗauki cokali. Kunyarka take ji, kamar yadda kake jin tata. Yanzu jandarma za su tahi da su. Baƙuwa ta taso daga wata duniya, za ta bar gidanka da yunwa."

Tasbahar ta tsaya a hannunsa.

"Ba ta ci komi ba?"

"Ko ruwan kirki ba ta sha ba. Yarinyar kuma tana can tana kuka, ta ce ko ba ka son ta ne."

"Wa ya hwaɗa mata haka? Ni da na..." Bai ƙarasa ba. Ya daɗe yana duban bangon zauren. Sannan ya ce, "Wanki shi ma haka shike zato?"

Na sunkuyar da kai. Ya sa tasbahar a aljihu, ya dafa bango ya tashi.

A gidansa na kansa Baba ya yi sallama kamar baƙo. Kowa ya miƙe. Bai dubi kowa ba. Ya sunkuya ya ja buzunsa zuwa bakin tabarma, ya zauna ya juya, fuskarsa ga darni, bayansa gare mu, kusan yadda yarinyar ta yi a gona. Ya miƙo hannu ta baya ya ce, "Miƙo."

Na kai hannu zan ɗauki kwanon, sai na fasa, na taɓa matar Yaya. Ta zuba romo da cinyar kaza, ta rarrafa da gwiwa ta sa masa a hannu da hannuwanta biyu, ta miƙa cokalin. Baba ya yi bisimilla da ƙarfi. Ya ɗaga cokalin sama har ya wuce kafaɗarsa, yadda duk wanda ke bayansa zai gani, sannan ya kai baki. A shirun nan har haɗiyarsa muka ji.

Tsohuwar ta sauke wani dogon numfashi. Ta dubi bayan Baba, ta dubi ɗiyarta, sai ita ma ta ɗan karkata ta fuskanci randa, ta ɗauki cokalinta. Matar Yaya ta juya wajen madafa. Haka aka ci abincin Koriya a gidanmu, tabarma ɗaya, kowa da inda ya sa gaba. Ina jiyo Inna a madafa tana danne dariya da zane, ita kam ko da jandarma ba mai fito da ita.

Romon ya huce, amma yana da daɗi, wani irin daɗi mai sanyi da ban saba da shi ba, magaryar ta narke ta ba shi ɗan zaƙi. Tsohuwar ta ɗebi kimci a ƙaramin kwano ta tura mini, ta nuna Baba da haɓa. Na ajiye masa a gefe. Ya ɗauka da yatsu ya sa a baki. Ya yi tari, ya sake yin tari, ya share ido da hannun riga.

"Wannan ita ce daddawarsu? Ta hi tamu hwaɗa. Ƙaro."

Sai da na ƙaro masa na lura Yaya bai taɓa komai ba. Yana zaune ya ƙura wa bayan Baba ido. Ban san yadda Baba ya sani ba, tunda bai waiwaya ba, amma ya ce, "Ce ma wanki shi ci." Na ce, Yaya, an ce ka ci. Ya ɗauki cokali ya ɗebi romo, ya hura, ya sake hurawa, ya sha.

Ana kiran la'asar suka fito a gurguje. Baba ya rako su har ƙofar zaure, ya ce da matar Yaya, idonsa a ƙasa, "Allah shi yi maki albarka." Wannan saƙon bai bi ta wurina ba, kuma ba ta nemi a fassara mata ba. Tsohuwar ta rungume Inna, ta bar mata sauran kimcin, Inna ta karɓa tana ta godiya tana riƙe numfashi. Na bi Yaya har mota raina fari, na ce to, ka gani?

"Ya ci," ya ce. "Don baƙi ya ci. Ni bayanshi ya ba ni."

"Yaushe za ku dawo?"

"Sai yadda ta yiwu."

Motar ta tashi. Na tsaya a wurin har ta ɓace, duk murnata ta koma ciki. Na koma tsakar gida na shiga tattara kwanoni ina buga su da juna don haushi. Baba ya shigo ɗaukar buzunsa. Ya naɗe shi, ya tsaya yana duban inda Yaya ya zauna.

"Romon nan ya huce sarai," ya ce, "amma sai da wanki ya hura shi. Har sau biyu."

Na ce, "Ka gani ne, Baba?"

"Ji na yi. Tun shina yaro haka shike, ko hura aka dama mashi sai ya hura. In Innarku ta ba shi abinci nan gindin bedi, ni ina bayan darnin can. Ba ni tahiya gona sai na ji ya hwara ci."

Ya saɓa buzunsa ya fita. Na kwashi kwanonin na shige madafa don kada Inna ta ga fuskata, na tarar ita ma ta juya wa ƙofa baya.

Washegari da safe, kafin su bar Maradi, na kira Yaya na gaya masa, kalma da kalma, yadda na saba kai saƙo tsakaninsu. Can ya ce, "Ki ce mashi da damina muna tahe."